Leda Ko Ƙwarya: Hakkin Da Ke Kan Mai Cefane

Maganar wannan mako a kan wani abu ce wanda ido ya saba da shi har ya daina ganinsa, watau abin da ake zuba abinci a ciki in an saya. Tambayar ita ce: shin akwai wani hakki a kan uwargidan da ta aiki yaro sayen ƙosai game da ledar da ya dawo da ita, ko kuwa wannan lamari ne na ganin dama, wanda babu lada babu zunubi a cikinsa?

Babu inda ya fi dacewa a tsaya a duba wannan tambaya kamar ƙasar Garun Malam da Kura da Bunkure, domin a nan ne abinci da ruwa da shara suka haɗu wuri guda, kowa yana gani. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin mulkin Gwamna Audu Bako, ruwan Kogin Kano ya riƙa gangarowa ta babbar hanyar ruwa, yana rarrabuwa cikin ƙanana har ya isa gonaki ba tare da an ja shi da inji ba. An tsara kashi na farko na aikin a kan kadada 22,000, kuma Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aka kafa a 1976, ita ke riƙe da shi. Albarkar wannan ruwa ce ta mai da Kura gidan shinkafa, ta sa alkama da albasa da masara suka samu gindin zama da rani, ta kuma raya kasuwar Kwanar Gafan da ke bakin hanyar Kano zuwa Zariya, inda manyan motoci ke lodin tumatir zuwa Legas da sauran garuruwan kudu.

To, wanda duk ya bi gefen waɗannan hanyoyin ruwa a yau zai ga abin da ke taruwa a bakin ƙofofinsu da ƙarƙashin kwalbatoci: baƙar leda da fara, da ledar fiya wata, da robar lemo, sun cakuɗe da yashi da ciyawar kacala. Babu wanda ya kawo su da mota ya juye. Ɗaya bayan ɗaya suka zo, daga hannun mai talla da mai saye da ɗan ƙodagon da ya ci ya yar, iska ta kwaso, ruwa ya ƙarasa.

Yadda aka saba a da

Dattawan da suka yi wayo kafin zuwan leda suna iya ba da labarin yadda cefane yake. Yaro ba ya fita aike hannu sake. Mai sayen fura da nono yana tafe da ƙwarya an rufe da faifai, mai sayen man gyaɗa da kwalba, mai sayen koko da ƙoƙo ko langa, mai awon hatsi da taiki ko buhu. Goro a cikin ganye yake tahowa tun daga Gwanja, a cikin huhu, kuma ganyen ne ke tsare masa ɗanyantakarsa. Daddawa da nama da ƙosai duk akan naɗe su a ganye ko takarda. Ruwa yana randa, tuwo yana akushi. Hatta lefe, da yanzu ya koma jerin akwatuna, asalinsa kwando ne da ake saƙawa da kaba.

Waɗannan abubuwa suna da hali guda biyu. Na farko, ana ta amfani da su har su tsufa. Ƙwarya in ta tsage akwai masu ɗinke ta, ta sake yin shekaru. Na biyu, in sun ƙare sai su koma inda suka fito. Ganye akuya ta cinye, ko ya ruɓe a juji, jujin kuma a kwashe shi a jaki a kai gona ya zama taki. Watau sharar gida ma dukiya ce, har saye ake yi.

Ita kuwa leda baƙuwa ce. A 1933 aka gano sinadarin da ake yin ta da shi a wani kamfani a Ingila, daga man fetur ake samo shi, kuma a 1965 wani kamfanin ƙasar Suwidin ya yi rajistar irin jakar nan mai hannu biyu da kowa ya sani. Ba ta mamaye kasuwannin ƙasar Hausa ba sai wajen shekarun 1980, sa'an nan ruwan leda ya biyo baya a shekarun 1990. Cikin ƙarni guda bai cika ba ta kori ƙoƙo da faifai daga hannun yara. Aibinta shi ne ƙarfinta: ba ta ruɓewa. Rana tana gasa ta, ta kakkarye ta zama ɓurɓushi, amma ɓurɓushin yana nan cikin ƙasa da ruwa shekara da shekaru.

Hannun da ke zaɓe

Wani zai ce, me ya kawo mata cikin wannan magana, alhali a ƙauyukan nan yawancin matan aure ba sa zuwa kasuwa, maigida ne ke cefane? Amsa ita ce, zaman cikin gida bai hana mace zama mai saye da sayarwa ba. Ita ke aiken yara sau biyar ko goma a yini, sayen gishiri da magi da mai da kayan miya. Ita ke karɓar dillaliya a tsakar gida. Ita ke dafa ɗanwake da alala da dambu da awara da shinkafa da wake, ta ɗora wa 'yarta talla zuwa bakin gona, inda masu dashe da masu tsinkar tumatir ke jira. Ita ke yanke shawarar ko za a turara alala a gwangwani ko a ƙulla ta a leda, ko zoɓo zai fita a jarka da kofi ko a ƙulle. Saboda haka mafi yawan ledar da ke yawo a gari ta bi ta hannun mace, ko wajen shigowa ko wajen fita.

Kuma ba duka suka taru suka zama ɗaya ba. Akwai matan da har gobe ba sa yarda a zuba musu kunu mai zafi a leda, suna cewa yana ɗaukar warinta. Akwai waɗanda suka fi son furar da aka dama a ƙwarya, da alalar gwangwani, kuma in sun aiki yaro sai sun haɗa shi da kwano mai murfi. Akwai kuma waɗanda suke ganin fita da ƙwarya ƙauyanci ne. Wannan bambancin zaɓi shi ya sa tambayar ta zama ta hali da tarbiyya.

Abin da Shari'a ta shimfiɗa

Asalin abubuwa irin wannan halacci ne. Babu nassin da ya ambaci leda, kuma ba ya halatta ga kowa ya haramta abin da Allah bai haramta ba. Sai dai malaman fiƙihu sun yi bayani cewa abin da yake halal a kan kansa yana iya ɗaukar wani hukunci saboda abin da yake jawowa. Haƙa rijiya alheri ne, amma haƙa ta a tsakiyar hanya a bar ta buɗe laifi ne. A nan akwai hakkoki huɗu da ya kamata a auna.

Na farko hakkin ruwa da na maƙwabcin da ke ƙasa. Imamu Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa hukuncin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yanke game da wasu ƙoramu biyu na Madina, Mahzur da Muzainib, cewa mai gonar sama ya tare ruwa gwargwadon ya kai idon sawu, sa'an nan ya sake shi ga na ƙasa da shi. A cikin littafin ne kuma aka kawo ƙa'idar nan da ta hana cuta da cutarwa, wadda malamai suka gina babi-babi a kanta. Manomin Kadawa ba ya bukatar a fassara masa wannan. Ya san cewa in hanyar ruwa ta toshe, na kusa da ƙofa yana samu, na ƙarshen layi kuwa shukarsa ta ƙone. In har an hana mutum riƙe ruwa fiye da bukatarsa, yaya za a ce babu komai ga wanda ya toshe shi da shara? Kuma ruwan nan ba a Kura yake tsayawa ba. Abin da ya koma kogi yana haɗuwa da Calawa, ya wuce Wudil, ya gangara Haɗeja da fadamun Nguru. Can ma akwai masu sha da masunta da makiyaya, maƙwabta ne ko da ba a san fuskarsu ba.

Na biyu hakkin dabba. Bayan girbi shanu da tumaki suna shiga gonaki kiwo, akuyoyi kuma suna yini a juji. Ledar da aka zuba ƙosai ko miya tana da gishiri da maiƙo, sai dabba ta haɗiye ta. Ba ta narkewa, sai ta taru a tumbi ta dunƙule, dabba ta yi ta rama tana ci ba ta ƙiba, wani lokaci ta mutu. Mahauta shaida ne, domin su ke fede ta su gani. Hadisin matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta tsare har ta mutu da yunwa yana cikin Buhari da Muslim, kuma kowane ɗalibi ya san shi. Abin lura kuma, tunkiya da akuya a ƙauye yawanci dukiyar mata ce, su ne asusunsu na biki da suna da rashin lafiya. Sau da yawa ledar da ta fita daga wannan gida ita ke kashe akuyar gidan da ke kusa.

Na uku hakkin hanya da na ƙasar noma. Ya tabbata a hadisi cewa kawar da abin cutarwa daga hanya yana cikin rassan imani, kuma Abu Dawuda ya ruwaito hani mai tsanani ga ƙazantar da mashayar ruwa da tsakiyar hanya da inuwar da mutane ke hutawa. Leda tana toshe kwata, ruwa ya kwanta, sauro ya samu gida, zazzaɓi ya shiga yara. Takin juji da manomi ke saye yanzu sai ya tsaya tsince leda daga ciki, abin da ya kuɓuce masa kuma ya shige ƙasa ya tare saiwa.

Na huɗu hakkin jiki. Ma'aikatan lafiya sun sha yin gargaɗi game da zuba abinci mai zafi da mai maiƙo a leda, balle dafa shi a cikinta, da kuma al'adar hura gawayi ko icce da ita, wadda hayaƙinta mai guba ne, kuma mai girki da goyon da ke bayanta su ke fara shaƙa. Jiki amana ne, ba mallakar mai shi ba ce da zai yi yadda ya so.

A kan waɗannan duka akwai hanin da ya zo a Suratul A'arafi, aya ta 31, game da almubazzaranci wajen ci da sha. Abin da aka haƙo daga ƙarƙashin ƙasa, aka tace, aka sarrafa, aka yi jigilarsa, sa'an nan aka yi amfani da shi minti goma tsakanin mai ƙosai da gida aka yar, yana da wuya a ce bai shiga ƙarƙashin wannan gargaɗi ba.

Uzurin masu uzuri

Adalci ya wajabta a saurari ɗaya ɓangaren, domin matan da suka rungumi leda ba don wauta suka yi ba.

Uzuri na farko tsabta. Abincin da ke ƙulle ƙuda ba ya sauka a kansa, ƙurar hunturu ba ta shiga, kuma a lokacin annobar amai da gudawa ruwan leda mai rajista ya fi kofi guda da mutum ashirin ke sha da shi. Wannan gaskiya ce. Ganyen da ba a wanke ba da ƙwaryar da ta yi tsami ba su da wata falala don kawai na gargajiya ne. Ita ma takarda tana da nata: tawadar jarida ba abin ci ba ce, takardar buhun siminti haka, kuma sau nawa ake naɗe tsire da shafin da ke ɗauke da sunan Allah ko ayar Alƙur'ani, a gama a jefa a kwata? Wanda ya guji leda ya faɗa wannan, ya gudu ne bai tsira ba.

Uzuri na biyu talauci. Ƙullin mai da ƙullin sukari da ƙullin omo su ke ba mai ƙaramin ƙarfi damar sayen abin da zai ishe shi yau. Mai talla kuma in ta ce sai an zo da kwano, ɗan ƙodagon da ke tsakiyar gona zai juya ga wadda ke da leda, cinikin yini ya wuce ta. Shari'a ba ta ɗora wa rai abin da ba zai iya ba, kamar yadda ƙarshen Suratul Baƙara ya tabbatar.

Uzuri na uku shi ne wanda ba a cika faɗa ba, watau rufin asiri. Baƙar leda ba ta nuna ko nama ne a ciki ko garin kwaki. Magidancin da ya dawo da ɗan abin da ya samu, da uwargidan da ta aika a sayo mata tuwon kasuwa ranar da ba a ɗora tukunya ba, suna samun sutura a cikinta. Wannan manufa ce mai daraja a Musulunci, kada a raina ta. Sai dai faifai a kan ƙwarya da murfi a kan langa sun daɗe suna wannan aiki kafin a san leda, jakar yadi ma tana yi.

Uzuri na huɗu shi ne na mai cewa, leda ɗaya tawa me za ta ƙara, me za ta rage? Wannan shi ne mafi rauni, kuma shi ya fi yaɗuwa. Hausawa sun ce da yayyafi kogi kan cika. Tarin da ya toshe kwalbati babu ledar da ta zo da niyyar toshewa, kowace mai ita ta ce ɗaya ce. Suratuz Zalzala ta sanar cewa awon ranar hisabi yana kama abin da bai fi ƙwayar zarra ba, na alheri da na sharri. Laifin da aka yi tarayya a cikinsa ba ya ɓacewa don masu shi sun yi yawa. Kowa yana da rabonsa gwargwadon hannunsa.

Inda ma'auni ya tsaya

Abin da ya fito daga wannan awo shi ne, hukuncin yana bin cutarwa ne da iko. Roba ba najasa ba ce. Hujja a nan ita ce kwandon tumatir: kwandon saƙa yana ruɓewa, amma in aka jibga shi a mota zuwa Legas na ƙasa yakan matse, a yi asarar abinci mai yawa, alhali akwatin roba da ake jerawa, a wanke a dawo da shi, yana tsare tumatir kuma yana shekaru. A nan robar ce ta fi kusa da hana ɓarna. Jarka da bokiti da kwanon roba mai murfi duk haka suke. Abin zargi shi ne wanda ake amfani da shi sau ɗaya a yar, a wurin da akwai madadinsa a rataye a ɗaki.

Saboda haka matar da ke da kwano, kuma mai ƙosai tana bayan gidanta, ta aiki yaro da shi da niyyar tsare maƙwabci da dabba da ruwa daga cuta, ana kyautata zaton tana da lada, domin niyya tana mai da al'ada ibada. Wadda lalura ta sa ta karɓi leda babu laifi a kanta wajen karɓa, amma hakkin inda za ta ƙare yana wuyanta: ta wanke ta sake amfani da ita ga busasshen kaya, ta tara ta wuri guda inda iska da akuya ba sa kaiwa, kada ta hura wuta da ita, kada ta share ta zuwa kwata. Wadda kuwa ta san cutar, tana da iko, ta ce ba ruwanta, to ta yi sakaci da amana, domin hadisi ya ambaci mace a cikin masu kiwo, gidan mijinta ne abin kiwonta, kuma za a tambaye ta. Haka nan mai hali da ta koma ƙwarya da jakar saƙa don a ce ta waye, tana yi wa talaka kallon ƙazami, ta sani riya tana cinye aiki.

Amma fa zalunci ne a ɗora wa mata kayan duka. Maigidan da ke dawowa daga kasuwa da leda bakwai, ɗaya cikin ɗaya, shi ya fi cancanta ya rataya jaka a babur. Mai shago da ke ƙulla ashana guda a leda yana da nasa. Kamfanonin da ke yin ta suna cin riba su bar wa jama'a shara suna da kaso mafi girma, sai hukuma da ke da ikon doka. Bangaladash, ƙasar Musulmi, ta hana siririyar leda a 2002 bayan an ga yadda ta toshe magudanu lokacin ambaliya. Ruwanda ta bi a 2008, Jamhuriyar Nijar ta yi doka a 2014, Kenya a 2017, Jihar Legas kuma ta hana farin mazubin abincin nan mai kama da soso a 2024. Sai dai wanda ya je kasuwar Maraɗi ko Damagaram bayan dokar ya ga leda ba ta ɓace ba. Doka ba ta shiga tsakar gida, tarbiyya ce ke shiga.

A nan ne aikin malamai mata yake. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta tsara 'Yan Taru, tana tura jajis ƙauye-ƙauye suna koya wa mata addini da tsabta da zaman gida a cikin ɗakunansu. Makarantun Islamiyya na matan aure da ke Garun Malam da Kura da Bunkure a yau magadan wannan aiki ne. In malama ta kai babin tsarki, tana bayanin ruwan da launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙanshinsa ya jirkita, babu abin da zai hana ta nuna hanyar ruwan da ke bayan gari ta tambayi ɗalibanta wa ke jirkita shi. Limamai ma suna da mumbari, ƙungiyoyin masu amfani da ruwa kuma suna da ranar yashe hanya. Yarinyar da ta tashi tana ganin uwarta na miƙa mata kwano kafin ta miƙa mata kuɗi, haka za ta yi a nata ɗakin, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ruwan Tiga ni'ima ce da kakannin mutanen wannan yanki ba su gani ba, su da rani yake kora zuwa cin rani. Godiyar ni'ima ita ce a bar ta ta isa ga na ƙasa da na baya yadda aka same ta. Allah Ya ba da ikon kiyaye amana, babba da ƙarama, Ya sa albarka a gonaki da tukwane, Ya yafe abin da aka yi cikin rashin sani. Amin.